Ragon da Taufiƙ Ya Yanka Wa Ƙafata

Ke da kika rubuto mini cewa duk 'yar Musulmin da ke gudu a titi, abin da ya same ta ita ta jawo wa kanta, na karanta saƙonki. Ban goge ba. Gyara zama, farkon labarin yau zai yi miki daɗi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Salwa, haifaffiyar Briqueterie a nan Yaoundé, layin masu ɗinki, bayan masu gasa soya, wato tsire. Ina yin wasan da ake kira triathlon. Za ki yi iyo, ki fito ki hau keke, ki sauka ki yi gudu, duk a jere ba hutu. A shekarar da nake ba ku labari, rikicin 'yan aware na yankin Bamenda ya yi zafi. Kullum motoci na sauke mutane da katifu a ka, ana yawan tsare hanya ana tambayar katin shaida. Ni kuwa ba abin da ke gabana sai gasar da za a yi a Kribi, wadda na yi fiye da shekara ina yi wa shiri. Sai kuma saurayina Taufiƙ, dillalin shanu a Etoudi. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na zaɓo abina. Ku riƙe wannan, don kada wata ta ce an yi mini dole.

Ranar wata Lahadi da safe muna hawan tudun Mont Fébé a guje ni da ƙawata Bintu. Na sa dogon wandona, riga har gwiwa, ƙaramin hijabi baƙi. Mun kusa kwana ta ƙarshe na ƙara wuta, sai na ji ƙas a bayan ƙafata ta hagu, kamar an jefe ni da dutse. Wallahi sai da na waiga in ga wanda ya jefe ni. Ba kowa. Na sake taka ƙafar, sai ga ni a ƙasa.

"Salwa, mene ne?"

"Sharaɓata. Bintu, wani abu ya tsinke."

A tasi ta kai ni gida, ina rataye a wuyanta. Inna na tsakar gida tana tankaɗen garin masara. Yaya Rashidu na kan kekensa na surfani a zaure, wanda tun rasuwar Baba shi ne shagonsa kuma kujerar mulkinsa. Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Abin da baki ya kasa, ƙafa ta yi."

Inna ba ta ce masa ya yi shiru ba. Ta kakkaɓe hannu ta ce a shimfiɗa mini tabarma.

Kafin azahar Taufiƙ ya iso, cikin farar shadda mai sheƙi, hula ta zauna, turarensa ya riga shi shigowa. A bayansa wani tsoho da jakar fata.

"Ranki ya daɗe, sannu. Ga Ɗanmalam na kawo, duk Etoudi ba maɗori kamarsa."

"Ba karaya ba ce," na ce. "Tsoka ce. Asibiti nake so."

"Ke likita ce?" in ji Yaya Rashidu.

Ɗanmalam ya ɗumama man kaɗanya, ya ce jijiya ce ta hau jijiya. Inna ta danne mini kafaɗu. Ya sa manyan yatsunsa biyu daidai inda ya tsinke ya murza. Masu karatu, ban taɓa haihuwa ba, amma ihun da na yi sai da masu soya suka leƙo. Ina cewa ya bari, yana cewa ciwon ne ke fita. Taufiƙ na tsaye a bakin ƙofa yana danna waya.

Washegari ƙafar ta zama kamar turmi. Jini ya kwanta baƙi ƙirin tun daga bayan gwiwa har idon sawu. A ranar ne Taufiƙ ya aiko da rago, ƙato, mai ƙaho murɗaɗɗe. Aka yanka a ƙofar gida, aka raba wa layi. Ya turo mini saƙo:

"Sadaka ce don ƙafarki, hasken idona."

Na yi kuka, na ce Allah Ya ba ni miji. Mtsw.

Bintu ce ta kawo mini Tanti Karimatu. 'Yar Kumbo ce, can yankin Bamenda, kiné ce, wato masu gyaran tsoka da gaɓoɓi. Tana da ɗan wurin aikinta a can, aka ƙone layinsu gaba ɗaya, ta gudo da tsohuwarta suka kama ɗaki a Ekoudou. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, kullum cikin atamfa ɗaya mai ruwan ganye da gyale fari. Hausarta tsinto-tsinto ce, tana haɗawa da Pidgin. Ta ɗaga zanina, ta duba ƙafar.

"Wa ya murza?"

Inna ta ce, "Mai magani."

"Ashia, sannu, Salwa." Ta juya wajen Inna. "Mama, nama ya yage. In zani ya yage, kina ja? Ba murza. Ba zafi. Ƙanƙara."

Ta tura mu aka yi hoto, ya nuna tsokar ta yage amma ba ta rabu ba. Murzar ce ta ƙara zubar jinin. Ta naɗe ƙafar da bandeji, ta ɗora ta kan matasai, ta yanko soso ta sa mini a dunduniyar takalmi don kada tsokar ta miƙe. Na tambaye ta Kribi.

"Small small," ta ce. "In kin yi sauri, ya sake yage, Kribi babu, shekara mai zuwa ma babu."

Ba zan ɓoye muku ba, na tsani makonnin nan. Ni da nake tashi da asuba in zaga gari kafin masu kunu su fito, na koma mai ɗingishi da sanda zuwa banɗaki. Ina kwance ina jin ƙarar keken Yaya Rashidu, ina jin matan layi suna shigowa dubiya. Dubiya dai. Su zauna a kan kujerunmu masu rigar leshi, su sha shayi, su ce, "Allah Ya sa kaffara ce." Wata ta ce ai ta ga hotona a waya da kayan iyo. Kayan da ke rufe ni daga kai har idon sawu, amma yadda ta faɗa sai ka ce tsirara aka gan ni. Na ce mata, "Hajiya, ki ƙara sukari, na ga bakinki da ɗaci." Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Tanti Karimatu na zuwa da hantsi. Da farko yatsu kawai take sa ni motsawa. Daga baya ta kawo wata roba mai talewa, in maƙala a tafin ƙafa in riƙa turawa. Sannan tsayuwa a bakin dakali, in ɗaga dunduniya da ƙafa biyu in sauka a hankali, gumi na keto mini kamar mai dakan sakwara. Ranar da na ce na gaji, ta ce, "To kwanta. Mutanen gidanku za su ji daɗi." Na tashi.

Yaya Rashidu bai taɓa amsa sallamarta da kyau ba.

"Wannan 'yar Bamendar, kin san ko su wa ta baro a daji? Ki jawo mana a zo a kwashe gida."

"Musulma ce 'yar'uwarka, Yaya. Gidanta aka ƙone."

"Haka kowa ke cewa."

Wajen wata guda da rabi na ajiye sanda. Ta ba ni izinin shiga ruwa, in yi tafiya a cikinsa, in yi iyo da hannu kawai. Ta sa Bintu ta kawo wani ƙarfe da ake ɗora bayan keke a kai, in riƙa tuƙawa a tsakar gida ba tare da na je ko'ina ba. Ranar da na fara, iska ta taɓa mini fuska duk da ba tafiya nake ba, na ji kamar an buɗe mini taga a ƙirji.

Ina kan keken nan Taufiƙ ya same ni wata la'asar. Ya shigo da leda cike da kilishi, ya tsaya cak.

"Me nake gani haka?"

"Sauƙi kake gani. Ba za ka ce barka ba?"

"Sauko mu yi magana."

Na yafa gyale muka zauna a falo. Ya ajiye ledar a kan tebur, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai taɓa ruwan da na kawo ba.

"Salwa, na ɗauka an gama da wannan."

"Da me?"

"Da guje-gujen nan. Allah Ya tsayar da ke da kanSa. Me kike nema kuma?"

Na yi dariya don na zaci wasa ne. "Taufiƙ, a ina ka fara ganina? Ba a guje ba? Ba kai ka bi ni da mota tun daga Bastos kana cewa ba ka taɓa ganin mace mai zuciya irina ba?"

"Na gani. Shi ya sa ba na so wani ya gani."

"To ragon fa? Ba don in warke ka yanka ba?"

Ya dube ni ido cikin ido, ko kunya babu. "Alwashi na yi. Na ce ranar da Allah Ya raba ki da titi zan zubar da jini. Ya raba ki, na cika."

Kun ji. Naman da na ci ina hawaye ina sa masa albarka, naman murna ne. Layinmu kaf sun ci walimar yagewar ƙafata.

"Ɗanmalam fa?" na ce. "Shi ma cikin alwashin yake?"

"Kada ki mayar da ni mugu. Taimako na yi."

"Na ce maka asibiti."

"Matar nan ce ke hure miki kunne." Ya mayar da hularsa. "Na bincika ta. Ko katin shaida ba ta da shi."

"Ya ƙone da gidanta."

"Wannan ita da hukuma. A irin wannan lokaci, mace daga Kumbo, ba takarda, tana shiga gidajen mutane. Kalma ɗaya ta isa."

"Barazana kake yi?"

"Shawara nake ba ki, ranki ya daɗe."

Na miƙe, na ɗauki ledar na dangwara masa a cinya. "Ɗauki namanka. Na ƙoshi da naman gidanku."

Bayan magariba saƙonninsa suka fara shigowa. "Fushi ya yi miki kyau." Sai hoton zuciya. Sai, "Duk don ke nake yi." Ban amsa ba. Na kira Tanti in gargaɗe ta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na ce da safe zan faɗa mata baki da baki. Wannan jinkirin har yau yana ci na.

Hantsi ya yi, ba ta zo ba. Azahar ta yi, waya a kashe. Na zura baƙar abaya a kan wandon motsa jiki, na ɗaure takalmin gudu, na tari babur zuwa Ekoudou. Da tambaya na gano ɗakinta, can ƙarshen wani lungu, bayan famfo. Ƙofar a buɗe. Ba katifa, ba tukunya, sai igiyar shanya da wani silifa guda ɗaya na tsohuwa. Mai gidan, wata mace mai goyo, ta ce jiya da yamma wani mai farar shadda ya zo da mota, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana da ita a hankali, har yana murmushi. Da gari ya waye suka ɗaure kaya.

"Tsohuwar ko tafiya ba ta iyawa sosai," in ji ta. "A baya ta goya ta har bakin titi."

Ina tsaye a wurin saƙon murya ya shigo daga wata baƙuwar lamba. Muryar Tanti ce, ana jin hayaniyar tasha a bayanta.

"Salwa, no vex. Ni ba zan iya cell ɗin 'yan sanda ba, Mama ba ta da kowa. Muna Mvan, motar Douala sai yamma. Ki ji. Ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, kullum. In babu zafi sati biyu, fara gudu kaɗan, wuri mai laushi. Ba tudu. Kin ji? Ba tudu. Kada ki bari kowa ya murza."

Matar da aka kora daga ɗakinta, abin da ya dame ta kada in hau tudu.

Ban san lokacin da na sake tare babur ba. "Etoudi, kasuwar shanu."

An yi ruwa da safe, kasuwar ta zama taɓo da kashin shanu. Ba mace ko ɗaya a wajen dillalai. Na ratsa tsakanin bijimai, abayata na jan laka, maza na bi na da ido. Yana zaune a benci ƙarƙashin rumfar kwano da abokansa, ana zuba shayi. Da ya hango ni ya miƙe da sauri.

"Salwa, lafiya? Nan ba wurinki ba ne. Mu je mota."

"A nan zan faɗa." Na ɗaga murya yadda na bayan rumfa zai ji. "Ku abokansa ne? To ku taya shi murna. Jiya ya yi jarumta. Ya je ya tsorata macen da aka ƙone wa gida, ta goya uwarta tsohuwa ta gudu. Namiji ke nan."

Wani dattijo mai carbi ya ce, "Subhanallahi. Taufiƙ, haka ne?"

"Alhaji, maganar gida ce."

"Ba gidanka ba ne," na ce. "Kuma ba zai zama ba. In ka sake tako layinmu, ni da kaina zan watsa maka ruwan wanke-wanke. Ka je ka yi wani alwashin."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya matso har ina jin turaren nan da na taɓa so, ya rage murya.

"Kin gama? To ki tambayi kanki, ni na san Ekoudou? Wa ya ba ni kwatancen ɗakinta?"

"Yaya Rashidu. Ai na sani."

Ya yi murmushi. "Rashidu bai san ko wane lungu ba ne. Ki gaida Inna."

Ban tuna yadda na fito daga kasuwar ba. Na dai tuna sharaɓar na yi mini zugi, na tuna na ce wa mai babur ya yi a hankali. Sau ɗaya tak aka taɓa zuwa ɗakin Tanti daga gidanmu, ranar da tsohuwarta ta yi zazzaɓi, Inna ta kai mata kunun gyaɗa da kanta. Har na yi ta jin daɗi a ranar.

Na same ta a kan kujera 'yar tsugune tana tsince shinkafa a faranti. Ta dubi lakar da ke jikin abayata.

"Daga ina haka kamar wadda ta faɗa kwata?"

"Inna, ke kika faɗa masa?"

Ba ta tambaye ni wa ba, ba ta tambaye ni me ba. Ta cire wata tsakuwa ta yar.

"Ni ce."

"Me ta yi miki?"

"Ta tayar da ke." Ta ajiye farantin da ƙarfi har shinkafa ta zube. "Kin san abin da nake ji kullum kika fita da asuba? Gari ya lalace, ana kama mutane, ana harbi a can, ke kina yawo da wando a kan duwatsu. Na samu wata guda ina barci, 'yata na cikin ɗaki, ina jin numfashinta. Sai wata ta zo daga Kumbo za ta mayar mini da ke titi. Ce masa na yi ya ja mata kunne ta daina zuwa."

"Ta daina. Ta bar garin ma."

Ta ɗago ta dube ni. "Wane gari?"

"Yaoundé. Ya ce zai kai ta wajen hukuma. Suna tasha yanzu, za su Douala, ba su san kowa a can ba. A baya ta goya tsohuwar da kika kai wa kunu. Ko takalminta ɗaya an bari a ɗaki."

Yaya Rashidu ya leƙo daga zaure. "To sai me? Allah Ya raka taki gona."

"Rufe mini baki," in ji Inna, ba ta ko dube shi ba.

Ta daɗe tana kallon shinkafar da ta zube, kaji har sun fara tsattsaga. Ni kuma na tsaya a kanta, ban tausaya mata ba, kada in yi muku ƙarya. Na ce mata na gama da Taufiƙ a gaban abokansa. Na ce Kribi kuwa, ko da rarrafe, sai an ga fuskata. Na jira ta zage ni.

Ta miƙe, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwatin ƙarfenta. Ta fito da babban hijabinta ruwan toka, na zuwa ta'aziyya, tana soka ƙafa a takalmi.

"Wace tasha?"

"Mvan."

"Rashidu, kwashe buhunan zarenka daga ɗakin baya, ka share shi."

"Inna, 'yan Bamenda za ki kawo mana cikin gida? A wannan lokacin? Taufiƙ fa ba wasa yake ba."

"In ya kawo hukuma, su fara da ni. Ni na san abin da zan faɗa musu."

Ta wuce ni har kafaɗarta na gogar tawa. A bakin zaure ta tsaya, ta juyo, idonta jawur.

"Ke kuma kada ki ɗauka na yarda da gudunki. Ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba. Tsohuwa zan je ɗaukowa. Za ki tsaya nan kina harara ta, ko za ki zo ki tare mana tasi kafin motar ta tashi?"